Mauntbatan, ɗan sarautar Ingila da jirginsa ya kife da shi a Bahar Rum

 Tarihinmu na yau zai fitar da mu daga Abzin, ya kai mu inda babu rairayi sai ruwa. Mutumin da za mu ba ku labarinsa Bature ne ɗan gidan sarautar Ingila, sunansa Luwis Mauntbatan. Mai yiwuwa da yawanku ba ku taɓa jin wannan suna ba, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama da ƴan mazan jiya a Kano ko Zariya ya ji hirar yaƙin Bama, to a ƙarƙashin wannan mutum suka yi yaƙin. A hannunsa ne kuma aka raba Indiya da Pakistan. Amma kafin duk wannan, shi ne kaftin ɗin wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Kelly, wanda wata 21 kacal ya yi yana aiki kafin ya nutse, kuma a cikin watannin nan 21 ne halin mutumin ya fito fili.

An haife shi ran 25 ga Yuni 1900 a garin Windsor. Mahaifiyarsa jikar Sarauniya Biktoriya ce. Mahaifinsa kuwa, Yarima Luwis na Battenberg, asalinsa Bajamushe ne, amma tun yana yaro ya shiga sojan ruwan Ingila, ya yi ta hawa har ya zama shugaban rundunar baki ɗaya a 1912. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sai jaridu da mutanen gari suka tasa shi gaba, wai ta yaya Bajamushe zai riƙe musu jiragen da za su yaƙi Jamus. A watan Oktoba na shekarar tilas ya ajiye aiki, bayan ya yi fiye da shekara 40 yana bauta wa ƙasar. Ɗansa a lokacin yana da shekara 14, yana makarantar sojan ruwa ta Osborne. Wannan wulakanci bai taɓa fita ransa ba, ya ƙudurta cewa kujerar da aka tumɓuke ubansa daga kanta sai ya zauna a kai. A 1917 gidansu ya yar da sunan Jamusanci na Battenberg ya ɗauki Mauntbatan, wato dai fassarar sunan ce zuwa Turancin Ingila.

Ƙuruciyarsa ta ɗan gata ce. Ya raka ɗan'uwansa Yarima mai jiran gado yawon Ostareliya da Indiya da Jafan, sannan a 1922 ya auri Edwina Ashley, jikar wani hamshaƙin mai banki, Ernest Cassel, wadda ta gaji dukiya mai ɗimbin yawa. Yana son motoci masu gudu, yana son wasan ƙwallon dawaki irin wanda ake yi a Katsina da Kano, har littafi ya rubuta a kan wasan. Sai dai kada a ɗauka shashasha ne. A cikin aikin soja ya zaɓi fannin da ƴaƴan manya ba su cika so ba, wato fannin waya da rediyo, ya zauna ya koye shi ciki da waje har ya zama babban jami'in sadarwa na rundunar Bahar Rum. Mu da muke cin abinci da rediyo, wannan ya sa muke ɗan jin sa a jika. A 1934 aka fara ba shi jirgi nasa na kansa.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi bayanin irin jirgin da muke magana, don mutanen Agadas sun fi kowa saurin gane aikinsa. Ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, a zamanin da hanya ba ta da tsaro, ba ya tashi sai da masu takobi a kan raƙuma marasa kaya, waɗanda ke zagaya shi gaba da baya saboda mahara. To haka abin yake a teku lokacin yaƙi. Jiragen kaya manya ne, masu nauyi, marasa sauri, sai a tara su ayari guda a haɗa su da ƙananan jiragen yaƙi masu gudu da za su raka su. Irin wannan jirgin rakiya shi Turawan Ingila ke kira distiroya. Gyaɗar da jirgin ƙasa ke ɗauka daga Kano zuwa Ikko, da yadi da sukari da kananzir da ke shigowa, duk a cikin irin waɗannan ayarori suke tafiya, kuma tashar Firitawun ta Saliyo ita ce zangon da suke taruwa. Faransa ma tana da nata jiragen. A 1917, shekarar da sojojinta suka karya Kawusan a nan Agadas, an ƙera mata guda 12 a Jafan, ta raɗa wa ɗaya daga ciki suna Touareg.

Shi Kelly an ƙera shi ne a Hebburn, bakin kogin Tyne a arewacin Ingila. Tsawonsa mita 108 da ɗoriya, yana gudun fiye da kilomita 60 a awa, yana ɗauke da manyan bindigogi 6 da bututun harba tofido, wato bam ɗin nan mai tafiya da kansa a cikin ruwa. Mutanensa sun haura 200. Jikinsa ba shi da kauri, garkuwarsa ita ce saurinsa. Mauntbatan ya karɓe shi ran 23 ga Agusta 1939, saura kwana kaɗan yaƙin Hitila ya tashi, aka kuma ɗora shi a kan sauran jiragen ƙungiya ta 5.

Ƴan jirgin sun so shi ƙwarai. Yana haddace sunayensu, yana tambayar lafiyar iyalinsu, yana da baki mai daɗi, kuma babu wanda ya taɓa ganin tsoro a fuskarsa. Aibinsa guda ne, kuma babba ne ga madugu, wato gaggawa. A watan Nuwamba 1939 yana dawowa daga gaɓar Nowe cikin teku mai hauka, ya ƙi rage gudu, igiyar ruwa ta maka jirgin har ya kusa kwantawa, ta share masa gefe guda, ta tafi da mutum ɗaya. Aka kai shi gyara. Fitowarsa ke da wuya, ran 14 ga Disamba, aka ji wasu jiragen dakon mai sun taka nakiya a bakin Tyne, ya kutsa da Kelly cikin wurin don ya kai agaji, shi ma ya taka tasa. Aka sake jan sa zuwa gyara har ƙarshen Fabrairu 1940. A watan Maris kuma ya yi karo da wani jirgin ƴan'uwansa mai suna Gurkha. A cikin rundunar har an fara tsegumi, ana cewa babu wanda ya fi shi daɗin zama tare in an shiga uku, babu kuma wanda ya fi shi saurin jefa mutane a cikinta.

Duk da haka ya yi abin a yaba a farkon watan Mayu, lokacin da Ingila da Faransa ke janye sojojinsu daga Namsos a ƙasar Nowe. Cikin hazo ya shiga mashigin, ya kwaso sojojin Faransa. Ƴan kwanaki bayan haka, daren 9 ga Mayu 1940, wani ƙaramin kwalekwalen Jamus mai inji ya same shi cikin duhu ya harba masa tofido a ciki, daidai ɗakin tukunyar wuta. Mutum 27 suka mutu. Masana tarihi da dama sun ɗora masa wani ɓangare na laifin, saboda a daren ya yi ta aika saƙo da fitila mai haske alhali abokan gaba na kusa.

Abin da ya biyo baya shi ya fara yi masa suna. Jirgin ya huje, ruwa ya kai kusan bakinsa, manyansa suka ba da shawara a kwashe mutane a ƙarasa nutsar da shi. Ya ƙi. Ya sa aka zubar da duk abin da ke da nauyi a teku, aka mai da yawancin mutanen wasu jirage, ya rage shi da ƴan ƙalilan. Wani jirgi mai suna Bulldog ya ɗaura masa igiya ya yi ta ja, tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, igiyar na tsinkewa ana sake ɗaurawa, jiragen saman Jamus na zuwa suna jefa bam. Awa 90 da ɗoriya aka yi a haka. Suna cikin wannan hali ne, ran 10 ga Mayu, Hitila ya afka wa Holan da Beljiyam da Faransa, a ranar kuma Cocil ya zama firayim ministan Ingila. Ran 13 ga wata Kelly ya shigo kogin Tyne, maƙeran da suka ƙera shi suna tsaye a gaɓa suna yi masa tafi. An binne mamatansa a maƙabartar Hebburn. Gyaransa ya ci wata 7.

Kafin a gama gyaran, Faransa ta faɗi. Mu nan Nijar, tare da sauran ƙasashen da ake mulka daga Dakar, muka zauna a hannun gwamnatin Vichy har zuwa ƙarshen 1942, aka tsananta tsaron iyaka da Nijeriya, yadi ya yi wuya a kasuwa. Shi kuwa Mauntbatan bai zauna jiran gyara ba, ya hau wani jirgin ƙungiyarsa mai suna Javelin. A ƙarshen Nuwamba 1940 suka yi arangama da jiragen Jamus da dare, tofido biyu suka sare wa Javelin kai da gindi, mutum 46 suka halaka.

A watan Afrilu 1941 aka tura Kelly Bahar Rum, ya yi zango a tsibirin Malta, daga can ya je ya yi wa tashar Bingazi ta Libiya ruwan wuta. Ran 20 ga Mayu Jamusawa suka sauko da lema daga sama a kan tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Aikin sojan ruwan Ingila shi ne su hana a kawo musu gudummawa ta teku. To amma sararin sama duka na Jamus ne, Ingila ba ta da jiragen sama a wurin da za su kare jiragenta na ruwa. Saboda haka dabarar ita ce a shiga da dare a yi aiki, a fice kafin gari ya waye.

Daren 22 ga wata Kelly da ɗan'uwansa Kashmir suka shiga, suka nutsar da wasu kwalekwale, suka yi luguden wuta a kan filin jirgin sama na Maleme. Na ukunsu, Kipling, sitiyarinsa ya sami matsala ya rage a baya. Hantsi ya same su a kudancin tsibirin suna gudu zuwa Masar. Wajen ƙarfe 8 na safiyar 23 ga Mayu sai ga jiragen sama 24 irin waɗanda ake kira Stuka, masu sulalowa daga sama kamar shaho ya ga ɗan tsako, su saki bam sai sun kusa taɓa abin da suke hari. Kashmir aka fara samu, ya karye, cikin minti 2 ya nutse. Kelly yana tsakiyar juyawa da cikakken gudu bam ya same shi ta baya. Bai ƙara miƙewa ba. Ya ci gaba da karkata har ya kife, cikinsa a sama, farfelarsa na ta juyawa a iska. Mauntbatan yana kan benen tuƙi har ruwa ya rufe shi, da ƙyar ya fito.

Waɗanda ke ɗakin inji yawancinsu ba su sami hanyar fita ba. Waɗanda suka fito kuma suka sami kansu cikin baƙin mai da ya malale a kan ruwa, yana shiga ido da baki yana ƙuna, kuma sun ba da labarin cewa jiragen sun dawo suna harbinsu da bindiga mai ruwa. Mauntbatan, da yake gwanin iyo ne, ya yi ta jawo waɗanda ba su iya ba zuwa ga abin da za su riƙe. Allah cikin ikonsa, matsalar sitiyarin da ta tsai da Kipling ita ta zama sanadin tsirarsu. Ya iso ya yi awowi yana tsintar mutane, bama-bamai na faɗuwa hagu da dama, ya kwashe mutum 279 daga jiragen biyu. Mai ya ƙare masa kafin ya kai Iskandariya, sai da aka fito aka tare shi. Mutanen Kelly kusan 130 ne suka tafi, wato wajen rabinsu. A yaƙin Kirit kaɗai Ingila ta yi asarar jiragen rakiya 6 da wasu manya 3. Shi kansa Kipling bayan shekara guda jiragen saman Jamus suka nutsar da shi.

In an yi lissafi irin na ƴan kasuwa, jirgin da ya yi wajen rabin rayuwarsa a wurin gyara, da wuya a ce madugunsa ya ci riba. Wani kaftin ɗin da ba ɗan kowa ba, mai yiwuwa a nan tauraronsa zai dushe. Amma Ingila a lokacin tana neman gwarzon da za ta nuna wa jama'a, ga shi kuma kyakkyawa, ɗan sarauta, mai abokai a ko'ina. Abokinsa Noel Coward ya shirya fim a 1942 a kan labarin jirgin, ya canza sunaye, fim ɗin ya karɓu ƙwarai a Ingila da Amurka. Cocil kuma, mai son mutum mai zafin nama, ya ɗauko shi a watan Oktoba 1941 ya ba shi ofishin shirya hare-hare a gaɓar Turai, ya tsallake da shi kan manyansa da yawa.

Daga wannan ofishi ne aka shirya harin garin Dieppe na Faransa ran 19 ga Agusta 1942. Sojoji kusan 6,000 aka tura, yawancinsu ƴan Kanada, aka sauke su a bakin ruwa a gaban bindigogin Jamus. Cikin rabin yini ƴan Kanada fiye da 900 suka mutu, aka kama kusan 2,000. Har ƙarshen ransa yana kare kansa da cewa darasin da aka koya a nan shi ya taimaka wa saukar Normandi a 1944. Ƴan Kanada da yawa ba su karɓi wannan hanzari ba.

A 1943, yana da shekara 43, aka naɗa shi babban kwamandan sojojin ƙawance na kudu maso gabashin Asiya, inda ake fafatawa da Jafan. A nan ne hanyarsa ta haɗu da ta mutanenmu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka ɗebo daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suna cikin sojojinsa, kuma a bataliyoyin Nijeriya da Hausa ake magana. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin kurmi da duwatsu inda mota ba ta shiga, kaya a ka, abinci kuma sai dai a jefo musu daga sama. Suna cikin waɗanda suka karɓe Myohaung a watan Janairu 1945. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya duk daga wancan yaƙi aka samo su. Gaskiya ita ce, wanda ya ja yaƙin ƙasa Janar Slim ne. Abin da Mauntbatan ya yi shi ne ya dage a ci gaba da yaƙi har cikin damina, ya ba da ƙarfi wajen maganin zazzaɓin cizon sauro wanda ke kwantar da soja fiye da harsashi, ya nemo jiragen sama na dakon abinci, ya kuma riƙa zagaya sansanoni yana hawa kan akwati yana yi wa sojoji jawabi da barkwanci. A wannan karon ya bar masu aiki sun yi aikinsu, kuma a ganinmu nan ne ya fi yin abin kirki. Ran 12 ga Satumba 1945 ya karɓi saranda ta sojojin Jafan a Singafo.

Sai kuma Indiya. A watan Maris 1947 ya isa Delhi a matsayin wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe, da umarnin ya miƙa mulki kafin ƙarshen Yuni 1948. Ya tarar da Nehru da Gandi a gefe guda, Muhammad Ali Jinnah mai neman ƙasar Musulmi a ɗaya gefen, ana ta kashe-kashe a garuruwa. Ya yanke cewa raba ƙasar ya zama dole, sannan ya jawo ranar baya da wata 10, ya sa ta 15 ga Agusta 1947. Lauyan da aka kawo ya shata iyaka, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi mako 5. An gama taswirar, amma Mauntbatan ya riƙe ta sai ran 17 ga wata, bayan an gama bikin ƴancin kai. Mutane suka kwana cikin sababbin ƙasashe biyu ba su san a wacce garinsu ya faɗa ba. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu da gonakinsu da shagunansu, Musulmi suka nufi Pakistan, Hindu da Sikh suka nufi Indiya, aka yi ta yanka juna a hanya da cikin jiragen ƙasa. Waɗanda suka mutu, mafi ƙarancin ƙiyasi dubban ɗaruruwa ne, wasu na cewa sun kai miliyan. Masu kare shi na cewa da ya jinkirta da yaƙin basasa ya ci ƙasar duka. Mu dai muna ganin hannun da ya ƙi rage gudun Kelly a tekun Nowe shi ne ya sa hannu a wannan takarda. Ya zauna gwamna janar na Indiya har Yuni 1948, Jinnah kuwa ya ƙi yarda ya riƙe irin wannan muƙami a Pakistan.

Ya koma aikin ruwa, a 1955 ya hau kujerar da aka kori ubansa daga kanta shekara 41 da suka wuce. Daga 1959 zuwa 1965 shi ne shugaban hafsoshin sojan Ingila duka. Ɗan ƴar'uwarsa Filib shi ya auri Sarauniya Elizabet, kuma ɗansu Carles, wanda ya zama sarki a 2022, ya tashi yana ɗaukarsa kamar kaka. Matarsa Edwina ta rasu a 1960, aka yi mata jana'iza a teku. Waɗanda suka tsira daga Kelly sun kafa ƙungiya, kuma bai yanke zumunci da su ba, yana zuwa taronsu har tsufansa.

Yana da gidan hutu a Mullaghmore, wani ƙauyen masunta a yammacin Ailan, kusa da iyakar da ƴan tawayen IRA ke yaƙi da Ingila a kanta. An sha gargaɗinsa, bai fasa zuwa ba. Ran 27 ga Agusta 1979 ya fita da iyalinsa cikin ƙaramin kwalekwalen katako don duba tarkon kifi. Da dare an riga an ɗana bam mai nauyin kilo 20 da ɗoriya a cikinsa, aka tayar da shi daga nesa ta hanyar rediyo. Ya mutu yana da shekara 79, tare da jikansa ɗan shekara 14 da wani yaro ɗan shekara 15 mai taya su aikin kwalekwalen, washegari kuma surukar ƴarsa, tsohuwa mai shekara 83, ta cika a asibiti. A ranar ce kuma IRA ta kashe sojojin Ingila 18 a Warrenpoint. An yi masa gagarumar jana'iza a Landan ran 5 ga Satumba, aka binne shi a garin Romsey. Mutum ɗaya aka ɗaure saboda kisan, shi ma an sake shi a 1998 bayan yarjejeniyar sulhu ta Ailan ta Arewa.